Shekarar da Na Riƙe Batirin Babanku

Labarin keken babanku kun ji shi daga bakin maƙwabta, kun ji shi daga bakin ƴan tashar Tsibiri, wasunku ma daga bakin matansu suka ji. Ni da abin ya faru a tsakar gidana, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce, Inna, yaya aka yi? To, tun da ƴar'uwarku Hadiza ta matsa mini in faɗi tarihina tana rubutawa, kuma mun wuce maganar aurena da haihuwarku da zuwana Makka, yau sai ku yi haƙuri, a kan keken nan za mu tsaya. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta zuba mata sukari.

Kun san babanku malamin gona ne, a fadamar Jiratawa ya ƙare aikinsa, yana bin manoman rani yana koya musu raba ruwa da sa taki. Da ya ajiye aiki sai ya riƙe ɗan filinsa a can, zogale da tattasai da albasa kaɗan. Abin da da yawanku ba ku sani ba, tun kafin a haife ku, mutumin nan ɗan tseren keke ne. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu ma a kan keke ya zo, wandonsa ɗaure da igiya a idon sawu, har ƙannena suna yi masa dariya. Shekaru suka ja, gwiwa ta ƙi, sukari ya kama shi, tansiyo, wato hawan jini, ta biyo baya. Babur ɗinsa kuwa ku da kanku kuka sa aka sayar, bayan ƴan kabu-kabu sun kusa markaɗe shi a bakin babbar kasuwa. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Da me? Ƙafar da ba ta kai shi masallacin Juma'a sai ya huta a hanya?

Sai yayanku, wanda ba na kama sunansa, ya aiko da keke daga Yamai a saman bas. Ku riƙe wannan da kyau: shi ya saye shi, ba ni ba. Keke ne irin na Turai, wanda aka hau aka bari, siriri kamar ya yi wata bai ci ba, ƙahonsa a lanƙwashe ƙasa kamar na rago, tayoyinsa da kaɗan suka fi babban yatsana kauri. A jikin ƙarfensa akwai wani baƙin abu dogo kamar guntun taɓarya, mai ɗan makulli, ana zare shi a mayar. Wannan ne batirin. In mutum ya taka feda sai injin ya taimaka masa, kamar wani na tura shi ta baya. Babanku ya hau, ya zagaya unguwa, ya dawo yana haki yana dariya har ana ganin giɓinsa. Na ce alhamdu lillahi. Ban san na yi wa kaina godiyar wahala ba.

A makon farko ya sa gilashi ya karance ɗan littafin da ya zo da keken, na Faransanci, tun daga bango har bango. Daga ranar gidanmu ya sami sabuwar shari'a. Batiri ba ya son zafi. To, a Maraɗi, a watan bazara, ina za a kai shi? Ya zagaye gidan nan ɗaki ɗaki yana dafa bango da tafin hannu, ƙarshe ya tsaya a ɗakina, a kusurwar da randata take, inda nake shan iska da rana. Ya ce nan ne ya fi sanyi. Amma kuma batiri ba ya son laima, don haka ba za a ajiye shi a ƙasa kusa da jiƙaƙƙen yashin randa ba, sai a kan kujera. Wace kujera? Ƴar kujerata ta tsuguno da nake tuƙa tuwo a kanta tun ina amarya. Na koma tuƙi a kan bulo.

In ya dawo daga Jiratawa, ba ya sa shi caji nan take. Sai ya zare shi, ya kwantar a inuwa, ya ce a bar shi ya huce, wai zuba wa batiri wuta da zafinsa kamar ba doki ruwa ne yana cikin haki. Ba ya bari ya ƙare ƙurmus, in fitila ɗaya ta rage cikin ƴan fitilun jikinsa masu nuna sauran wuta sai ya kashe injin ya ƙarasa da ƙafa. Ba ya kuma bari ya cika maƙil ya kwana a haka, sai ranar da zai yi doguwar tafiya. Saboda haka in an jona caja, sai a sami mai gadi. Shi zai tafi masallaci, ni zan zauna ina kallon ƴan fitilu kamar mai jiran nono ya tafasa, in ta kusa da ƙarshe ta kama in zare. Ni da na yaye ƴaƴa, na aurar, na ga jikoki, aka mai da ni mai renon guntun taɓarya.

Babban faɗanmu kuwa a kan kuran ne, wato wutar lantarki. Kun san da ƙanƙara da zoɓo na riƙe kaina, firigona shi ne gonata. A bazara wuta sai ta ga dama take zuwa, kuma wurin jonawa mai lafiya ɗaya ne tak a ɗakin. In ta dawo, ni ina so in jona firigo, shi yana so ya jona caja. Amma ko shi ba ya jonawa nan da nan, sai ya tsaya riƙe da waya a hannu yana kallon ƙwan fitila, wai wutar farko mahaukaciya ce, tana zuwa da ƙarfi ta ƙone kaya, sai ta natsu. In ta natsu kuma ya riga ni.

"Malam, ƙanƙarata za ta narke."

"Ƙanƙara in ta narke ruwa ce, Hajiya, gobe ki sake ɗaurawa. Wanga in ya mutu, sai Turai."

"To ka ci Turai da miyar dare."

Ya yi kamar bai ji ba. Sai da na sa aka kira mai gyaran wuta ya ƙara wani wurin jonawa a bango kafin muka daina gaisawa da fushi.

Wannan batiri ke nan. Taya kuwa wata masifa ce daban. Kowace safiya kafin ya karya kumallo sai ya durƙusa da famfonsa mai agogo ya auna iska, wai taya mai laushi ɓarauniyar batiri ce, tana jan ƙasa tana shanye wuta a banza. In zai fita da rana tsaka kuma sai ya ɗan rage, wai kwalta in ta yi zafi iskar tana kumbura. In ya dawo sai ya kife keken, ƙafafu sama, ya bi tayar da yatsa a hankali yana neman ƙaya. Hanyar fadama kuwa tsidau ne da ƙayar aduwa ko'ina. Da me ake cire ƙayar? Da allurata ta ɗinki. A ina ake nitsa shambur, robar nan ta ciki, a ga inda take fitar da kumfa? A darona na wanki. Wata rana na jiƙa zannuwana farare, na leƙa maƙwabta barka, na dawo na tarar an tsame su an ɗora a kan turmi, shi kuma yana durƙushe yana wa shambur wankan jego a ruwan sabuluna. Ya ɗago ya ce ai ruwan sabulu ya fi nuna huji. Na shiga ɗaki na yi ta salati har zuciyata ta sauka.

Baƙo kuwa bai isa ya ce keken nan yana da kyau ba, sai ya sha karatu har shayinsa ya huce. Hadiza, rubuta wannan, kada ki tsallake don mijinki ne. Ranar da mijin Hadiza ya ari keken zuwa kasuwa, ya danna injin a kan mataki mafi ƙarfi, ya yi ta shawagi a gari ko feda ba ya takawa sosai, ya jingine shi a rana a ƙofar wani shago, ya dawo da shi fitilu duk a mace. Babanku bai yi masa faɗa ba, suruki ne. Ni ya yi wa. Kwana da kwanaki ina jin yadda ake tashi da ƙafa tukuna kafin a nemi taimakon inji, yadda ake tafiya a kan ƙaramin mataki a miƙaƙƙiyar hanya a ajiye babban don hawan tudu, kamar ni na hau.

Amma zan faɗi gaskiya, don ba ƙararsa na kawo muku ba. Mutumin ya tashi. Cikinsa ya faɗa, barcinsa ya dawo, likita ya rage masa ƙwayoyi. Yana zuwa Jiratawa da sanyin safiya ya dawo da zogale ɗaure a baya. Ranar Juma'a kuma ya nufi Tsibiri wurin yayarsa, Gwaggonku Indo, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ya yi salla a can, su ci fura, ya dawo da la'asar. Da can sai ya yi wata biyu bai ganta ba, don ya tsani a cusa shi a mota kamar buhu.

A farkon damina abin ya faru. An yi ruwan fari, ya kwaso yashi ya zuba a gefen kwalta wajen gangaren Gulbi. Wata babbar mota ta matse shi, ya kauce gefe, siririyar tayar nan ta nutse a yashi, ya tashi sama ya faɗo a kan kafaɗa. Wani mai amalanke ya kwaso shi da keken gaba ɗaya. Na iske shi a asibiti, fuska a goge, ƙashin kafaɗa a karye, riga duk jini. Na tsaya a kansa. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Hajiya, a duba mini ko batirin ya tsage."

A gaban likita, a gaban mutane. Da ba a kwance yake ba, ban san abin da zan yi masa ba.

Washegari yayanku ya iso daga Yamai. Ya ga ubansa, ya fita waje ya share ido, na gan shi ta taga. Da muka koma gida bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki makulli, ya zare batirin, ya haɗa da cajar, ya shigo ɗakina ya durƙusa ya ajiye a gabana.

"Inna, ni na jawo wannan, ni zan tsai da shi. Ga shi, amana ce na ba ki. Ko ya roƙe ki, kada ki ba shi. Baba ya gama hawan keke."

Na ce to. Har zuciyata na ce to, don ni ma na tsorata, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗin zan koma kan kujerata. Na naɗe abin a tsohon zane na sa a ƙasan adakata, na kulle.

Ina zaton za a yi rigima, sai aka yi abin da ya fi rigima muni. Bai roƙe ni ba ko sau ɗaya. Da hannu ɗaya a rataye ya sa aka kafa ƙusa a zaure aka rataye keken, wai kada tayoyin su zauna wuri ɗaya su tsage. Sa'an nan ya zauna. Mutumin da bai taɓa sanin inda gishiri yake a gidan nan ba ya dawo yana leƙa tukunyata, yana cewa itacen ya yi yawa, yana ƙorafin mai ya yi kaɗan. Ya yi faɗa da mai kawo ruwa, ya yi faɗa da akuyar maƙwabta, ya yi faɗa da rediyo. Daga baya faɗan ma ya daina. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ƙarƙashin keken ya yi shiru, a kai tuwo a ɗauko tuwo. Wanda ya bar wa filin Jiratawa ya zo ya ce tsutsa ta shiga tattasai, ya ce masa Allah ya kyauta, ya juya fuska bango. Kafaɗa ta warke, sauran jikin ya lalace. Sukari ya koma inda ya fito, ƙafafu suka fara kumbura.

Magana ɗaya kawai ya yi mini a kan abin da ke cikin adaka. Wata rana bayan azahar ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba.

"Hajiya, ba cewa na yi ki ba ni ba. Amma in ya daɗe a kulle ba wuta, mutuwa zai yi. Ki riƙa fito da shi lokaci lokaci, ki ba shi rabi, ki mayar. Rabi kawai. Ni ba sai na gani ba."

Kun ji fa. An ɗaure mutum, yana roƙon a ba igiyar abinci. Haka na riƙa yi, ina kulle ƙofa in fito da shi, in zauna gadin fitilu, ina tsaki ni kaɗai.

Da kaka ta yi, aka aiko cewa Gwaggo Indo ba ta da lafiya. Muka shiga mota muka je tare. Mun same ta a kwance ta rame, amma bakin nan nata yana nan yadda kuka san shi. Ta dubi ƙanenta tun daga sama har ƙasa, ta ce ya fita ya ba mu wuri. Sa'an nan ta kama hannuna.

"Mairo, mi kuka yi ma yaron ga?"

Yaro, mutum mai furfura har a gira.

"Yaya, faɗuwa ya yi, yara suka ce ya huta."

"Wanga ba hutu ba ne. Ni da ke kwance na hi shi rai a ido. Kun ɗaure shi kamar tunkiyar layya, kuna jiran mi?"

Na ce amana aka ba ni. Ta saki hannuna ta ce amanar ɗa ba ta wuce ta miji ba, ta juya. Na dawo gida raina a ɓace, ina cewa a zuci kowa ya sami bakin faɗa mini abin da zan yi, babu wanda ya tuƙa tuwo a kan bulo sai ni.

Juma'ar da ta biyo, na fito daga wanka da hantsi na ga ƙusa a zaure babu keke. Na ruga ɗaki na buɗe adaka, batiri yana nan a naɗe. Wato haka ya tafi, da ƙarfin gwiwar da ba shi da ita, a kan keken da inji ya ƙara wa nauyi, zuwa Tsibiri. Ya kai, don taurin kai irin nasu ba ya barin su a hanya. A dawowa ne abin ya gagara. Wajen hawan tudun shigowa gari numfashi ya ƙi, ya sauka ya zauna a gindin wata bedi, har wani ɗan kabu-kabu da ya san shi ya ɗauko shi, wani kuma ya turo keken. Aka shigo mini da shi leɓɓansa sun yi fari, gwiwoyi kamar tulu. Na ba shi ruwa, na gasa masa ƙafa, na jira sai da ya dawo hayyacinsa.

"Malam, so kake ka kashe kanka a ce ni ce?"

"Ban taɓa adakarki ba."

"Na sani. Wata Juma'ar fa?"

Ya dubi ƙafafunsa, ya ce, "Indo ba ta da sauran Juma'o'i da yawa."

Nan na gane lissafin da yayanku bai yi ba, don yana Yamai. Shi yana ganin zaɓi biyu ne, ko Baba a kan keke ko Baba a gida lafiya. Ni da ke nan na ga babu Baba a gida lafiya. Akwai wanda ke narkewa a kan tabarma, akwai wanda zai riƙa satar hanya ba batiri har zuciyarsa ta tsaya a gindin bedi, akwai kuma wanda zai hau da taimakon inji, wataƙila ya sake faɗuwa. A cikin ukun nan aka ce in zaɓa, kuma duk wanda na zaɓa ni za a zaga.

Da safe na sa mayafi na tafi kasuwa layin masu kayan keke, ni kaɗai mace a wurin, da tsohuwar tayarsa a hannu. Na ce a ba ni wadda ta fi wannan faɗi da kauri, wadda za ta shiga ƙarfen, ba ta tsoron yashi da ƙaya. Na sayi biyu, na sayi hular kwano. Na dawo na zube su a gabansa, na buɗe adaka na ɗora batirin a kai. Na ce ga sharuɗɗana: waɗannan tayoyi, wannan hula, ba fita da tsakar rana, ba kai wa magariba a hanya, in an yi ruwa kuma sai kwalta ta bushe an ga inda yashi ya kwanta. Kuna tsammani godiya ya yi? Ya ɗauki tayar ya juya ta, ya matsa, ya ce wannan ai ta amalanke ce, za ta shanye masa batiri tun kafin Jiratawa, kuma ta ɓata wa keken siffa. Na miƙa hannu zan ɗauke kayana. Ya dafe da sauri ya ce a bari ya gwada. Daga baya da kansa ya ce wa wani baƙo, ina ji daga madafa, wai ya gano faffaɗar taya in an ba ta iskar da ta dace ba ta cin wuta yadda ake zato, ga shi faci ya ragu. Wai ya gano.

Ban bari yayanku ya ji a bakin wani ba. Na sa Hadiza ta kira mini shi, na faɗa masa da bakina.

"Inna, amana na ba ki."

"Na sani. Na riƙe iyakar iyawata."

"To shi ke nan. In wani abu ya same shi a hanya, kada a kira ni."

Ya kashe. Kun san tsakanina da shi akwai kunya irin ta ɗan fari, ban taɓa zama na yi masa doguwar magana ba, ban iya lallashinsa ba, shi ma bai iya yi mini ba. Da ɗaya daga cikinku ne, da na kira na zage shi mun shirya a ranar. Shi kuwa sai shiru ya shiga tsakaninmu ya yi ɗaki. Sallar nan bai zo ba, ya aiko da matarsa da yara da shadda. Ta gaba ma haka. Yana kiran babanku su yi hira, in an ce ga Inna sai ya gaishe ni gaisuwar da ake wa maƙwabciya. Wannan shi ne abin da na biya, kuma har yau ban gama biya ba, don ko bayan rasuwar babanku, da ya zo ya zauna kwanakin zaman makoki, idonsa bai sauka a nawa ba.

To ga abin da aka samu a madadin haka, ku auna da kanku. Babanku ya yi damina biyu yana hawa. Ya ceto filinsa, har ya dasa mangwaro da ya san ba zai sha ba. Bai sake tsallake Juma'a ba, kuma ranar da Gwaggo Indo ta cika yana zaune a gefenta, shi ya yi mata kalmar shahada. Ya sake faɗuwa sau ɗaya, a ƙofar gida, saboda akuya, ya goge gwiwar hannu. Ni kuma na koma gadin fitilu, allurata ta ci gaba da ɓata, darona bai huta ba, kuma ba a fasa yi mini karatun iska da zafi ba har ƙarshe. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi, ya rasu a kan gado, a asibiti, kuna kewaye da shi, keken yana rataye a zaure. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk wanda ya ce muku hanya ce ta ci shi, ku ce ya zo ya same ni.

Abu ɗaya ya rage da ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ma ban ba shi labarin yadda na ji ba, don kada kansa ya ƙara girma. A shekararsa ta ƙarshe an yi suna a gidan Gwaggo, jikarta ta haihu. Shi ya riga ni fita a keke, ni na bi a motar haya, an cusa mu baya da wasu mata da kwanukansu. Muna gangarawa wajen Gulbi sai na hango shi a gabanmu. Ya tattare riga ya ɗaure a ƙugu, ya kwanta a kan ƙahon nan, gemu yana tashi, ƙafafu suna juyawa kamar na saurayi. Ya zo daidai wasu masu amalanken shanu ya ɗaga musu hannu yana yi musu kirari, suna yi masa ihu. Da motarmu ta zo gefensa na ga fuskarsa. Bakinsa a buɗe, dariya yake shi kaɗai, irin dariyar da rabona da ita tun muna ɗakin haya kafin a haifi kowa. Matar da ke kusa da ni ta kama haɓa.

"Oh ni! Dubi wani tsoho, ko kunya. Wannan ko lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Maigidana ne."

Matar ta fara ba ni haƙuri, ni kuwa hankalina ba ya wurinta, don a lokacin idona ya sauka a kan hular kwanon, tana rataye a ƙahon keke tana lilo. Na manta da mayafi, na manta da mutane, na tura kai ta taga, ni Hajiya guda, a kan hanyar Tsibiri.

"Malam! Hular!"

Ya firgita har keken ya yi tangaɗi. Ya gan ni. Ya tsaya a gefe, ya kifa ta a ka, ya ɗaure igiyar a haɓa yana ɗaga mini hannu kamar yaron lakwal, ɗan makaranta, da aka kama. Direba yana dariya, matan suna dariya. Muka yi gaba. Da muka kusa shan kwana na waiwaya ta gilashin baya, na hango shi ƙarami can nesa, yana tafe, ya sake cire hular, kansa fari fat a rana.